Zaure da Rumbu: Amsa ga Mai Aiki Daga Gida a Tudun Wada

Wannan wasiƙa ta zo mini daga wani magidanci a nan Zariya. Na ɗan taƙaita ta, na kuma cire sunansa da na kamfanin da yake yi wa aiki.

"Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 34, ina da mata ɗaya da 'ya'ya uku, muna zaune a sashenmu cikin gidan mahaifina a Tudun Wada. Tun 2018 nake yi wa wani kamfani da ke Abuja aikin lissafi da haɗa rahotanni. Da aka yi kullen korona a 2020 aka ce kowa ya yi aiki daga gida, sai na saki ɗakin da nake haya na dawo Zariya, kuma tun daga nan ba na zuwa sai an kira babban taro. Albashina naira 450,000 ne a wata, da alawus ɗin data na 25,000. Ina kuma haɗawa da aikin fassara da nake samu daga ƙasashen waje ta shafin intanet na Upwork. Wani watan in sami dala 400, wani watan ko sisi, kuma ba zan ɓoye maka ba, wani lokaci a cikin sa'o'in ofis nake yin sa, da kwamfutar kamfani. Yanzu an ba ni wata ɗaya in zaɓa: ko in koma Abuja in riƙa zuwa ofis kullum, ko a soke takardar ɗaukata aiki a mayar da ni ɗan kwantiragi, in zauna a gida ana biyana 600,000 a wata, amma ba fansho, ba inshorar lafiya, ba hutu, ba alawus, kuma in mayar da kwamfutarsu. Zuciyata ta fi karkata ga kwantiragin, har ina cewa in abin ya ƙi sai in koma fassara gaba ɗaya. Sai dai a gida ba a ɗauke ni mai aiki ba. Baba yakan aike ni kasuwa ina tsakiyar taro, ƙannena sun mayar da ɗakina wurin cajin waya, har na ji ana raɗe-raɗi a unguwa wai damfara nake yi ta intanet. Shekara biyar ba a ƙara mini girma ba, waɗanda na koya wa aiki sun wuce ni. Mai ɗakina kuma ta ce gangar jikina ce kawai a gida. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanina. Allah ya warware maka. Tunda wata ɗaya ba shi da tsawo, bari in fara da amsar da kake jira: kada ka sa hannu a takardar kwantiragin nan yadda take, kada kuma ka kwashi iyalinka ka nufi Abuja cikin gaggawa. Akwai hanya ta uku da ba a gabatar maka da ita ba, zan kuma zo kanta, amma sai na fara nuna maka abin da ake shirin karɓewa daga hannunka, domin na lura 600,000 ɗin nan ta tsaya maka a ido har ta tare sauran abubuwan.

Aiki daga gida ba baƙo ba ne a garin nan, ko da yake 'yan zamani suna maganarsa kamar korona ce ta kawo shi. Kakana na wajen uwa maɗinkin manyan riguna ne a cikin Birni, kuma ban taɓa ganin ya tafi wani wuri da sunan zuwa aiki ba. Da hantsi yakan shimfiɗa buzunsa a zaure, daidai inda haske yake shigowa ta ƙofa, ya ɗora wuyan riga a gwiwa, ya yi ta bin zanen aska takwas da allura har a kira azahar. Mu jikoki mun san muddin yana kan buzun nan ba a kawo masa ƙarar kowa, kai ko kakarmu in tana da magana sai ta jira ya shigo cikin gida. In riga ta kammala dillali ya zo ya ɗauka, ya kai kasuwa, ya cire la'adarsa, ya kawo saura. Gab da salla aiki yakan yi masa yawa har ya kwana da fitila, bayan salla kuma a yi wata biyu ba wanda ya leƙo. Abin da yake hana yunwa shiga gidan a irin wannan lokaci shi ne da kaka yakan sayi dawa da gero ya cika rumbu, ga kuma 'yar gonarsa a bayan ganuwa. A kan abu biyu ke nan sana'arsa ta tsaya, zaure da rumbu. Da na karanta wasiƙarka sai na ga ka shekara biyar kana aikin gida ba ka da zaure, rumbun da kake da shi kuma na kamfani ne, shi ne kuwa ake so ka sayar a kan ƙarin naira 150,000 a wata.

Ma'aikacin albashi bai cika sanin yana da rumbu ba, saboda ba a tsakar gidansa aka gina shi ba. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a asusun fanshonsa, shi kuma ma'aikacin a cire masa kashi 8. A naka albashin, kason kamfani zai iya kaiwa 45,000 a wata, ko ya gaza haka idan an taƙaita lissafin ga ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Hutun shekara ma kuɗi ne: ɗan kwantiragin da ya huta wata guda ya rasa 600,000, wato 50,000 ke nan a kowane wata idan ka raba wa shekara. Ƙara da alawus ɗin data na 25,000 da zai tafi. Kai ma'aikacin lissafi ne, ba sai na yi maka jimla ba, amma cikin ƙarin 150,000 da aka yi maka kwaɗayinsa saura 30,000, kuma a cikinta za ka sayi kwamfuta, ka gyara ta in ta lalace, ka biya asibitin mutum biyar. Akwai kuma abin da ba mu son ambata amma dole a ambata. Wannan dokar ta fansho ta wajabta wa kamfani ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, wanda a wajenka ya haura naira miliyan 16. Allah ya ba mu tsawon rai mai albarka, amma mai 'ya'ya uku ba ya zubar da irin wannan ba tare da ya san ya zubar ba.

Bambancin da ke tsakanin abin da kake da shi da abin da ake miƙo maka shi ne bambancin albashi da jinga, kuma kowane manomi a Giwa ko Soba ya san shi. Ɗan jinga yana iya samun abin da ya fi na ɗan albashi a rana, amma da zarar an gama noman gonar ba mai tambayarsa yadda ya kwana. Na yi shekaru a sashen kula da ma'aikata na wata masana'anta, kuma ina wurin lokacin da aka mayar da wasu ma'aikata 'yan kwantiragi da irin wannan zaƙin baki. Ni na buga takardun, ba kuma na alfahari da hakan. Ba a yi shekara biyu ba kasuwa ta ja baya, da aka zo rage mutane kuwa da su aka fara, domin sallamarsu ba ta buƙatar komai sai a ƙi sabunta takarda. Har yau ina tuna wani dattijo da ya shigo ofishina riƙe da hularsa a hannu yana tambayata taga ta nawa zai je ya karɓi haƙƙinsa, ni kuma na rasa bakin da zan gaya masa cewa ya riga ya sa hannu a kan babu. Ma'aikacin da aka kora ba bisa ƙa'ida ba yana da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kaduna, kuma gaskiya ne kotun takan duba yadda dangantakar aiki take a zahiri, ba sunan da aka sa mata kawai ba. Amma shari'a tana cin kuɗi da shekaru, kuma wanda ya soke takardarsa da hannunsa ya shiga kotu da rauni.

Kada ka ɗauka ƙiyayya ce ta sa kamfanin ya yi maka wannan tayi. Shekarun nan na aiki daga gida sun koya wa kamfanoni darasin da ba za su manta ba, cewa aikin da za a iya yi daga Tudun Wada za a iya yin sa daga Ilorin ko Nairobi, kuma wanda ba ya buƙatar kujera a ofis ana iya sayen aikinsa ba tare da an ɗauki nauyinsa ba. Kai ka ga sauƙin rabuwa da haya da cunkoson Abuja, su kuma sun ga sauƙin rabuwa da kuɗin man janareta, da na intanet, da na mai gadi, waɗanda suka dawo kanka ba tare da an yi shela ba. Ka lissafa abin da kake kashewa a man fetur tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023, da abin da data ta koma tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, za ka ga ka daɗe kana tallafa wa kamfanin daga aljihunka. Kwantiragin shi ne mataki na ƙarshe na wannan sauke kaya.

Batun fassara kuwa, ina tsoron kada ka saki reshe ka kama ganye. Upwork da ire-irensa dillalai ne, kuma la'adarsu ba ƙarama ba ce. Fiverr, alal misali, kashi 20 cikin ɗari yake cirewa, kafin a zo kan kuɗin tura dala da abin da ake rasawa wajen canji. Ƙofar da ta ba ka damar karɓar aiki daga Ingila kana zaune a Zariya ita ce ta ba dubban wasu, ciki har da ma'aikatan da aka rage daga kamfanoni suka faɗo kasuwar suna karya farashi don su sami abin sakawa a baka. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuma, masu ba da aikin fassara da yawa sun koma ba na'ura ta yi, sannan su nemi mutum ya gyara a kan kuɗin da bai kai na fassara ba. Wanda ya ƙware a fanni guda, kamar kai da ka san harshen lissafi da na banki, yana da sauran daraja, amma mai fassara duk abin da ya samu kasuwarsa tana ƙanƙancewa. Dalar ma tana ruɗin ido. A farkon 2023 dala 400 ba ta kai naira 200,000 ba a farashin gwamnati, a watan Fabrairun 2024 kuwa ta haura 600,000, alhali ba ka ƙara fassara ko layi ɗaya ba. Naira ce ta faɗi, kuma buhun shinkafa ya bi ta. Bayan wata biyu, a Afrilun shekarar, dala ta sauko kusa da naira 1,100, masu lissafi da ita suka kwana da ciwon kai. Kafin in yarda mutum ya dogara da jinga kaɗai, sai na ga yana da masu ba shi aiki aƙalla uku waɗanda ba su san juna ba, da ajiyar da za ta riƙe gidansa wata shida, da tarihin shekara guda cur wadda ko a watan da ya fi muni a cikinta ya ciyar da iyali. Kai da bakinka ka ce wani watan ko sisi.

Ci gaba da fassarar, amma ka mayar da ita ginin rumbu. Duk abin da ya shigo ta nan kada ya shiga cefane. Ka ware masa asusu, ka kuma riƙa ajiye takardar kowane aiki, da saƙon wanda ya ba ka, da shaidar biya. Waɗannan takardu za su yi maka amfani ta fuska uku. Banki yana iya tambayar asalin dalar da take shigowa. Haraji ma yana nan: ma'aikaci ana cire masa tun daga albashi, amma mai jinga shi yake kai kansa, a jiharmu ga hukumar KADIRS, kuma sabuwar dokar harajin da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, mai aiki daga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara, sauran kuwa ana lissafa shi ko daga wace ƙasa ya zo, muddin a nan kake zaune. Na uku shi ne masu raɗe-raɗi, domin mai takarda a hannu ba ya tsoron tambaya.

Akwai maganar da ka ratsa ta da sauri, ni kuwa ba zan ratsa ba. Yin aikin wani a cikin sa'o'in da aka biya ka, da kayan aikin wanda ya biya ka, cin amana ne, ko da ba wanda ya gani, kuma ka san haka tunda ka ce ba za ka ɓoye mini ba. Bayan nauyin da ke tsakaninka da Ubangijinka, akwai hatsarin duniya: kwamfutar kamfani ba ta da sirri ga masu ita, kuma ba abin mamaki ba ne a ce sun sani sun yi shiru. In haka ne, ka ba su sandar da za su iya korarka da ita ba tare da ko kwantiragin ba. Ka daina daga yau, ka sayi ko da tsohuwar kwamfuta ce ta kanka, ka kuma sake karanta takardar ɗaukarka ka ga abin da ta ce game da yi wa wasu aiki.

Yanzu ƙarin girman da ya wuce ka. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Kai abin ya same ka ta fuska biyu: a gida an gan ka har an raina, a ofis kuma ba a ganinka har an manta. Wannan ba naka ba ne kai kaɗai. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Stanford da ke Amurka, Nicholas Bloom, da abokan aikinsa sun yi gwaji a kamfanin Ctrip na ƙasar Sin, aka buga sakamakon a 2015. An mayar da wasu masu amsa waya gida na wata tara, aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari, masu ajiye aiki a cikinsu suka ragu da rabi, amma duk da haka damarsu ta samun ƙarin girma ta ragu idan aka kwatanta da takwarorinsu masu irin ƙoƙarinsu da ke ofis, kuma da aka ba su zaɓi kusan rabinsu sun nemi komawa, mafi yawa saboda kaɗaici. Daga baya aka sake wani gwajin a kamfanin da ma'aikata 1,612, aka buga a mujallar Nature a 2024. A wannan karon kwana biyu a mako ake yi a gida, sauran a ofis, sai aka ga masu ajiye aiki sun ragu da kashi ɗaya cikin uku, ba kuma a ga wata illa ga ingancin aiki ko ƙarin girma ba. Sin ba Abuja ba ce, amma ɗabi'ar shugaba ɗaya ce a ko'ina: in kujera ta samu, fuskar da ya gani da safe ita take fara faɗo masa. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Hanya ta uku ke nan. Ka rubuta wa shugabanka, cikin ladabi kuma a takarda, cewa kana son ka ci gaba da zama cikakken ma'aikaci, ka riƙa yin mako guda a kowane wata a ofis, musamman makon rufe lissafi, sauran kuma daga Zariya, a gwada na wata shida. Ba abin da ba a taɓa ji ba kake nema. Duniyar aiki ba ta tsaya a wuri guda kan wannan batu ba: kamfanin Amazon ya umarci ma'aikatan ofisoshinsa su koma kwana biyar a mako daga Janairun 2025, gwamnatin jiharmu kuwa a Disambar 2021 ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu ga yawancin ma'aikatanta, Juma'a a yi daga gida. Inda ba a daidaita ba akwai wurin ciniki. Mako guda a wata abu ne mai yiwuwa: mota zuwa Kaduna, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa ko Idu, masauki a wurin ɗan'uwa ko ɗakin haɗaka da wani abokin aiki, duka ba su kai rabin hayar shekara da ake biya a dunƙule ba. Sai dai kada ka je da roƙo kawai. Ka kawo shaidar rahotannin da ka miƙa a kan lokaci cikin shekarun nan, ka kuma toshe bakin da za su fake da shi, wato wuta da sabis. Ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ya bar yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. A kwanakin na ga wani saurayi a Samaru zaune a bencin mai cajin waya, kwamfuta a cinya, ya toshe kunne ɗaya da yatsa saboda ƙarar janareta, yana ba wani Bature haƙuri da Turancin da ya fi ƙarfin wurin. Shugaban da ya taɓa jiran rahoto a irin wannan mako yana da hujja. Ƙaramar sola da batir da inbata da za su riƙe kwamfuta da na'urar intanet, da layukan waya biyu na kamfanoni daban-daban, su ne amsarta, kuma a nan ya kamata dalarka ta farko ta tafi.

In sun ƙi, suka ce lallai ɗaya cikin biyun, to kwantiragi ba ya karɓuwa sai an gyara shi: kuɗin ya rufe duk abin da muka lissafa da ƙari, wa'adin kada ya gaza shekara, a rubuta sanarwar wata biyu ko uku kafin rabuwa, a rubuta ranar biya, a ba ka 'yancin yi wa wasu aiki a fili, a kuma biya ka duk haƙƙin shekarunka na baya kafin a soke tsohuwar takarda. Ka kai wa lauya ya karanta kafin ka taɓa biro. In ka shiga, asusun fanshonka naka ne ba ya mutuwa, kuma hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsari tun 2019 domin masu sana'ar kansu su riƙa zubawa. Inshorar lafiya kuma ka tambayi hukumar KADCHMA ta jiha tsarin masu zaman kansu. In ko wannan gyaran sun ƙi, ra'ayina shi ne ka koma Abuja kai kaɗai na wata shida, kana zuwa gida duk bayan mako biyu, kana neman wani aikin da igiyar wannan a hannunka. Da wuya, na sani, amma wuyar da take da ranar ƙarewa ce.

Saura zaure, wanda ko wace hanya ka bi sai ka gina shi. Ban ga laifin Baba ba. A duniyar da ya sani, mai aiki yakan yi wanka ya sa riga ya fita, wanda kuwa aka gani da singileti a ɗaki da hantsi ba shi da abin yi, kuma uba bai yi laifi ba don ya aiki ɗansa da yake zaune. Ba a gyara wannan da ɗaure fuska ko da cewa "ina taro" ta bayan labule. Ka same shi bayan sallar isha'i, ka durƙusa, ka ce: "Baba, aikin nan da nake yi a ɗaki shi ne ofishina, kuma ana ganin lokacin da na tashi, ina neman alfarma, daga ƙarfe takwas zuwa biyar a ɗauka ina Abuja." Ka naɗa ɗaya daga cikin ƙannenka ya zama ɗan aike, kai ka riƙa ba da kuɗin man mashin, ka ware Asabar ta zama ta hidimar Baba, rashin lafiya kuwa ba ta cikin wannan sharaɗi. Wata rana ka gayyace shi ya zauna gefe ya ga taron da idonsa, ya ji ana kiran sunanka ana tambayarka lissafi. Abin da dattijo ya gani sau ɗaya ya fi bayanin shekara, kuma shi da kansa zai zama mai kore maka masu caji da masu raɗe-raɗi a majalisa. In da hali, ka fita daga gidan ma baki ɗaya. Ku haɗu ku biyu ko uku masu irin aikinka ku kama shago ko ɗaki a Kongo ko a nan Tudun Wada, ku haɗa kuɗin sola, ka riƙa sa riga da hula kana fita da safe, kana sallar azahar da la'asar cikin jam'i inda jama'a za su gan ka. Wanda ake gani yana fita yana dawowa a kan lokaci ba a cika ƙirƙira masa labari ba.

Maganar mai ɗakinka na ajiye ƙarshe domin ita ta fi damuna, kai kuma a layi ɗaya ka sallame ta. Ma'aikacin ofis yana tashi. Na gida in bai yi hankali ba ba ya tashi har abada, balle kai da kake ajiye aikin Abuja ka ɗauki na waje, alhali New York tana bayanmu da awa biyar ko shida, lokacin da suke tsakiyar aikinsu ku kuna shirin cin tuwon dare. Ta ga mijin da yake gida awa ashirin da huɗu amma ba a iya yi masa magana, ita ce kuma mai hana yara kuka don kada a ji a taro, wato ta zama mai gadin ofishin da ba a biyanta. Ka sa wa kanka lokacin tashi, daga magariba zuwa bayan isha'i kwamfuta a rufe waya a aljihu, fassara kuma a dare biyu ko uku da kuka yi shawara a kansu. Na kuma duba wasiƙarka daga sama har ƙasa ban ga inda ka ce ka tambaye ta ra'ayinta a kan Abuja ko kwantiragi ba, alhali ita za ta zauna da yara uku in ka tafi, ita kuma za ta san yadda tukunya za ta yi a watan da ba a sabunta takarda ba. Kafin ka rubuta wa shugabanka, ka zaunar da ita ka nuna mata lissafin nan da muka yi, adadi bayan adadi, ka ji abin da za ta ce. In kamfanin ya ba ka amsa, ka sake rubuto mini da ainihin kalmomin da suka yi amfani da su, mu duba tare.